Kayan da Ruwa Ya Kawo wa Yacouba

"To sake gwadawa mana," in ji Inuwa.

"Sau nawa zan sake?" Sodangi mai gyaran salula ya ture tabarau zuwa goshi. "Sau ukku ke nan ina tura ma shi. Wasan shina zuwa, amma kayan da ke ciki ba su biyo shi. Duba da idonka."

Inuwa ya sunkuya a kan teburin. Salula biyu ne a ajiye. A tasa, mai tsagaggen gilashi, ga wasan a buɗe, ga ɗakin nan na bakin ruwa, ga tsohuwar nan da tsintsiyarta, amma kantocin bango babu komai a kansu. A ɗayar, ta marigayi ƙanensa Yacouba, kantocin a cike suke har kusa da rufi.

"Ba ka iya kwaso su ɗaya-ɗaya?"

"Albasa ce? Kai mai basilla, komi ka gani sai ka ce a zuba ma a buhu." Sodangi ya yi dariya, da ya ga shi kaɗai ke yi sai ya bari. "Wanda ya yi wasan ga mutum guda ne, can wata ƙasa da ban san sunanta ba. Ya zamna ɗakinai ya yi abinai, bai yi mai ƙofar hita da kaya ba. In na goge salular ga, sun tahi ke nan. In ban goge ba, Inna Habsatou ta zo ta kihe min rumfa."

"Ba ta kihe ma rumfa."

"Ba ka san uwarka ba. Yaushe matar Yacouba za ta ƙetare kogi?"

"Gobe take hita takaba. Jibi ta tahi Gaya."

"To ka ga yau ce ranarmu. In goge?"

Inuwa bai ce a goge ba, bai ce a bari ba. Ya ɗauki salular Yacouba ya share gilashinta da bakin riga, ya ce zai dawo kafin la'asar.

Shekara goma sha tara ke nan Inuwa yana ɗinkin buhun albasa a kasuwar Malanville. Asalinsu mutanen ƙetaren kogi ne, daga wani ƙauye bayan Gaya. Babansu ne ya hayo da su yana dako, ya mutu ya bar su a gidan haya, su biyu da uwarsu. Inuwa ya yi lakwal, wato makarantar boko, aji biyar ya bari. Aikinsa ba mai wuyar faɗi ba ne. In an cika buhu har albasa ta yi tozo, sai ya ɗora raga a kai, ya bi ta da basilla da igiyar leda, ya ɗaure yadda za ta kai Kwatano ba ta zube ba, kuma ba ta shaƙe ta ruɓe ba. Manoman ƙauyen Garou suna jiransa ko da akwai wani maɗinki a zaune. Ba ya hira a kan aiki. Warin albasa ya daɗe da daina sa shi hawaye.

Yacouba kuwa kabu-kabu yake yi da moto, wato babur, kuma bakinsa ba ya hutawa. Shekara bakwai ke tsakaninsu. Tun bayan da aka rufe gadar iyaka da ke kan kogin ya koma ɗaukar fasinja daga bakin kogi, inda jirage ke sauke mutanen Gaya, zuwa kasuwa da tasha. Ƙarshen damina zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, aka kai shi asibiti ranar Laraba, aka yi masa sutura ranar Alhamis da hantsi.

Inuwa ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya gyara masa kwanciya, ya jera itace, ya fito ya karkaɗe gwiwa. Yana ta jiran wani abu ya taso masa daga ciki, bai taso ba. Ya ji dai kamar ya gama ɗinke buhu ne yana jiran a turo na gaba. Masu gaisuwa suka yi ta yabon haƙurinsa. Liman ma ya ambace shi a zaman makoki, ya ce a yi koyi da shi. Inuwa ya sunkuyar da kai, aka ce tawali'u ne.

Da yake shi ne babba, shi aka ba salular ya riƙe, don fasinjojin da ba su ji ba suna ta kira. "Yacouba, kana ina, ga ni bakin ruwa da kaya." Sai ya ce, "Allah ya yi mai rasuwa." A yi salati, a yi addu'a, ya ce amin, ya kashe. Ya faɗi maganar nan har ta zama kamar yana faɗin ranar kasuwa.

Wajen kwana goma kiran ya ɗauke. Wata rana da tsakar rana, yana zaune a inuwar wani kamiyo, babbar motar kaya, yana jiran a kawo albasa, yatsansa ya taɓa wani ɗan hoto a gilashin, abu ya buɗe.

Samarin kasuwa ƙwallo suke bugawa a salula, ko harbe-harbe. Na Yacouba ba irin waɗannan ba ne. Daga baya Sodangi ya gaya masa cewa wani direba ne da ya maƙale a layin kamiyoyi ya bar masa su, kuma duk garin ba wanda ya yarda a tura masa sai Yacouba. A cikin ɗaya, kai silifa ne ƙafa guda, kana tsalle a cikin wani birni kana neman ɗan'uwanka. Inuwa ya yi kwana huɗu yana tsalle. Ya ga takalma iri-iri, bai ga nasa ba, ya bari. A wani, kai wani mutum ne mai hannuwa dogaye kamar igiyar guga, aikinka kawai ka sa hula a kanka, hannuwan suna ta sarƙewa. A wani kuma kaza ce da hular duwan, irin ta 'yan kwastan, a bakin wata gada, tana tsai da gajimare tana duba musu takardu. Da Sodangi ya ga wannan sai da ya riƙe ciki. Inuwa ya san abin dariya ne, ya ga inda dariyar take, amma ba ta zo masa ba.

Akwai na butar shayi, wanda ya fi zama masa daidai. Buta ce a kan gawayi. In ka taɓa gilashin, sai ta huce. Abin da ake so ka yi shi ne kada ka yi komai har ta tafasa. Sodangi bai taɓa kai ta ba, yatsansa ba ya haƙuri. Inuwa ya tafasa ta tun gwajin farko. Ta yi fito, tururi ya tashi, aka rubuta wani abu da Turanci, shi ke nan. Ya zauna yana kallon gilashin. Bai ji ya ci ba, bai ji an cinye shi ba, kuma hakan bai dame shi ba. Abin da ya lura da shi game da wasannin nan ke nan: ba sa yi masa ihu, ba sa ce masa ya yi sauri, ba sa duban fuskarsa su ga ko yana cikin hali.

Na tsohuwar shi ya buɗe a ƙarshe. Ɗaki ne guda a bakin ruwa, wata tsohuwa tana shara. Kowace safiya, safiyar gaske, ruwa yana kawo abu ɗaya ya ajiye a ƙofarta. Wata rana cokali, wata rana ƙyauren taga, wata rana abin da ba shi da kama da komai. Sai ka ɗauka ka ɗora a kan kantar bango, a ba ka wuri ka rubuta masa suna. Ba a mutuwa, ba a cin kowa. In ba ka buɗe ba ranar, ruwa ya wuce da abinsa.

Yacouba ya tara kaya ɗari biyu da uku, kuma kowanne ya sa masa suna. Inuwa ya taɓa wani yagaggen buhu da ke kanta ta biyu, rubutu ya fito da Hausar Yacouba mai gaggawa, rabi haruffan lakwal rabi nasa: buhun da Yaya ya ɗinka ranar da yake fushi. Ya taɓa wani takalmi: silifar da Yaya Inuwa ya jefe ni da ita bai same ni ba. Wani cokali: cokalin da Inna ke nema tun bara. Wani dunƙulallen abu mai ƙaho uku: ban san mi ne ne ba amma nawa ne.

Ya karanta ashirin ranar, a hankali, yana bin haruffa da farce. Da aka kira shi ga albasa ta iso, ya tashi ya ɗinka buhu arba'in kamar kullum.

Tun daga nan, kowace safiya bayan ya fito masallaci, kafin ya sha koko, yakan buɗe ya ɗauki abin da ruwa ya kawo ya ɗora. Wurin suna kuwa sai ya bar shi fari. Yakan tsaya da yatsa a kan haruffan, ya rasa abin da zai ce, ya rufe. Kayansa sun haura ɗari, suna jere a kantocin ƙasa, babu mai suna ko ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ina zai fara? Magidanci mai furfura a gemu, a ce yana wasan salula da kayan mamaci tun ba a yi arba'in ba?

Da aka raba gado, salular ta faɗa a rabon Balkissa, matar Yacouba. Ba su samu haihuwa ba, don haka in ta gama takaba gidan ubanta za ta koma. Inna Habsatou ta riga ta wanke komai. A wurinta ba a miƙa kayan mamaci da gumin jikinsa. Ta wanke riguna, ta wanke tabarma, ta sa aka wanke moto har ƙarƙashin sirdi kafin a fitar da shi daga gida. Salula ce kawai ba ta shiga ruwa. Shekaranjiya ta tare Inuwa a zaure. Ba ta kiran sunansa, shi ne ɗan fari.

"Kai, ka kai abin nan wurin Sodangi shi goge ta tas. Yarinya ce, aure za ta yi. Ba ta shiga ɗakin wani da hotunan wani da muryatai cikin zane."

"To, Inna."

Ya san gaskiya ta faɗa. Shi ya sa ya kwana biyu yana yawo da salular a aljihu, har yau da ya kai wa Sodangi ya roƙe shi ya kwashe masa tsohuwar da kayanta kafin a goge, abin ya ƙi.

Daga rumfar Sodangi bai koma kasuwa ba. Ya bi ta bayan tasha ya nufi gida, rana tana tsaka. Ya tarar da Inna a gindin darbejiya tana tsince shinkafa a faifai. Ta dube shi, ta dubi aljihunsa.

"An goge?"

"Ba a goge ba tukuna."

Ya wuce ta ya tsaya a ƙofar ɗakin Balkissa, ta gefe, yadda ba zai ga ciki ba. Tun da aka kawo ta gidan, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita a durƙushe, shi yana kallon wani wuri. Ya yi sallama. Ta amsa daga bayan labule.

"Yaya, ina wuni."

"Lahiya lau. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Inna ta daina tsintar.

"Akwai wani abu cikin salular ga," in ji shi. "In anka goge, ba shi dawowa. Na ce kada in sa a goge ba ki sani ba, tunda rabonki ce."

"Mi ne ne, Yaya?"

Bai san yadda zai bayyana ba, sai ya buɗe ya fara karantawa da muryar da yake amsa waya da ita. Ya karanta na buhu. Ya karanta na silifa. Ya karanta na cokalin da Inna ke nema tun bara.

"Ƙarƙashin randa yake," in ji Inna daga gindin darbejiya. "Na gane shi ran sadakar bakwai." Ta ci gaba da tsinta, amma hannunta ya rage sauri.

Ya taɓa wata baƙar tukunya. Sai da ya fara karantawa ya ga abin da ke rubuce, kuma ba damar tsayawa. "Tukunyar da Balki ta ƙona ta ce laihin itace ne."

Aka yi wani ɗan sauti a bayan labule, bai iya cewa dariya ce ko kuka ba.

"Tsohuwar nan ce mai shara," in ji Balkissa. "Ashe tana nan? Na zaci ta tahi tun ranar."

"Tana nan."

"Kullum da sahe sai ya tada ni in ga abin da ruwa ya kawo. In ce mai ni ga shara ta gaske tana jirana. Ko zan gan ta?"

Ya durƙusa ya ajiye salular a bakin tabarmar ƙofa, ya ja da baya. Hannu ya fito, babu lalle babu awarwaro, ya ja ta ciki. Ya tsaya yana kallon katanga. Wani ƙadangare ya hau ya sauka.

"Yaya, waɗanga na ƙasa marasa suna hwa?"

"Ni na ɗora su."

"Dut wata huɗun nan?"

"I."

"Mi ya hana ka sa musu suna?"

"Ban san abin da zan ce ba."

Ba ta ƙara tambaya a kan wannan ba. Can sai ta ce, "Ba ka taɓa zamnar da ita ba?"

"Wa?"

"Tsohuwar. In ka ɗora yatsa bisa kanta ka daɗe, sai ta aje tsintsiya ta zamna. Shi kullum sai ya zamnar da ita kahin ya rufe. Ya ce rashin kunya ne ka hita ka bar tsohuwa tsaye."

Ta turo salular waje ta ƙarƙashin labule don ya gani. Tsohuwar ta jingina tsintsiya da bango, tana zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, tana kallon ruwa. Bai taɓa ganin ta haka ba. Wata huɗu yana shiga yana fita, yana barin ta da shara.

"Ban sani ba," in ji shi.

Ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, irin nauyin da yake ji bayan ranar kasuwa. Akwai turmi a kife kusa da shi, ya zauna a kai. Abin da ya ji ke nan, bai wuce haka ba.

"Inna," in ji Balkissa, ta ɗaga murya kaɗan, "hotuna da muryoyi a goge, yadda kika ce. Lambobin mutane ma a goge. Amma tsohuwar a bar min ita."

"Wasan yara za ki kai gidan wani?"

"Ba hotonai ba ne, Inna. Ba muryatai ba ce. Tukunya ce da cokali."

Inna ta feshe shinkafar sau biyu, ta hure ƙaiƙayi.

"Ku kun sani," in ji ta. Sa'annan, ba tare da ta ɗago ba: "Kai, akwai wani nawa ban da cokali?"

Ya duba. Akwai huɗu. Ya karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe wata tsohuwar fitila ce: fitilar da Inna ke cewa tana da sauran rai. Inna ta ce, "Tana da shi kuwa," ta ɗauki faifai ta shige ɗaki.

"Yaya," in ji Balkissa a hankali, "ko kai kake son ta? In kana so, ka riƙe."

Ya so ya ce i. Kalmar ta zo har bakinsa.

"Rabonki ce," in ji shi. "Ki dai riƙa buɗewa da sahe. In rana ta wuce, ruwa shina tahiya da abinai."

"Na sani."

Kafin la'asar yana rumfar Sodangi. Ya tsaya a kansa yana nuna masa abin da za a cire da abin da za a bari. Sodangi yana aiki yana mita, wai tun da ya buɗe rumfa ba a taɓa sa shi tsince salula kamar shinkafa ba. Hotuna suka tafi, saƙonnin murya suka tafi, lambobin fasinjojin bakin ruwa suka tafi. Silifa da kaza mai hular duwan da butar shayi ma Inuwa ya ce a cire, tunda akwai su a tasa. Aka bar ɗakin bakin ruwa shi kaɗai.

"Naka hwa?" Sodangi ya ɗaga salular mai tsagaggen gilashi. "In bar ma wanga marar kaya, ko in cire? Wuri kawai yake ci."

Inuwa ya karɓa ya duba. Kantoci wayam, tsohuwa tana shara. A bakin ƙofarta ruwa ya riga ya ajiye wani abu, kamar murfin kwano. Bai ɗauka ba. Ya ɗora yatsa a kan tsohuwar ya daɗe, har ta jingina tsintsiya ta zauna.

"Bar shi," in ji shi.

Ya sa salular Yacouba a aljihun dama, wadda zai miƙa wa Inna da yamma ta ba Balkissa, ya sa tasa a na hagu. Daga bakin titi wani manomin Garou yana ɗaga masa hannu, amalanke biyu sun iso an fara juye albasa. Ya zaro basillarsa daga cikin hula, ya gwada tsininta a babban yatsa, ya nufi wajen buhunan.